Inda Ya Kamata a Kafa Tashar Auna Yanayi ta Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Na'urar auna yanayi abin da ya taɓa ta kawai take faɗa. Idan iskar da ta iso gare ta ta biyo ta kan kwano mai zafi, zafin kwanon za ta rubuta maka. Idan reshen bishiya ya tare rabin ruwan da ya sauko, rabin da ya rage shi za ka gani a allo. Mafi yawan lambobin da ke fitowa ba daidai ba daga wurin kafawa matsalarsu take, kuma na'ura mai sauƙin kuɗi da aka kafa a wurin da ya dace ta fi mai tsada da aka maƙala a jikin bango.

Akwai wuri ɗaya da ya dace da dukkan ma'aunan?

Babu. Kowane ma'auni da abin da yake buƙata, kuma buƙatun suna karo da juna. Ma'aunin iska yana son sama, mita 10 daga ƙasa, a fili fetal. Ma'aunin zafi da na damshi suna son tsayin mita 1.25 zuwa 2 a kan gajeriyar ciyawa. Ma'aunin ruwan sama ya fi son ƙasa-ƙasa, inda iska ba ta da ƙarfin kwashe ɗigon ruwa. Ma'aunin matsin iska kuwa ko a cikin ɗaki yana aikinsa. Dalilin ke nan da ya sa tashoshin hukumomi suke rarraba kayansu a cikin fili guda, kowanne a mazauninsa.

Idan tashar da ka saya mai guntaye ce, wadda kowane ma'auni yake zaman kansa, ka rarraba su haka. Idan kuwa irin wadda aka haɗa komai a jiki ɗaya ce, dole ka zaɓi abin da za ka fifita. Mai lambu ko gona, wanda ruwa da zafi suka fi damunsa, ya kafa ta a tsayin mita 2 a fili, ya haƙura da cewa iskar da za ta nuna ba ta kai ta gaskiya ba. Wanda iska ce damuwarsa ya kai ta sama, ya san cewa ruwan da za ta tara zai yi ƙasa da wanda ya sauka. A ganinmu, ga yawancin gidaje, mita 2 a fili ya fi amfani, domin zafi da ruwa su ne abin da mutane suka fi dubawa, kuma hannu yana kaiwa can in za a share.

Me ya sa aka ƙayyade tsayin ma'aunin zafi?

Domin zafin iska yana sauyawa sosai a kusa da ƙasa. Da rana ƙasa tana shan zafi, ta dumama iskar da ke manne da ita. Da dare, musamman idan sama ta yi tas kuma babu iska, ƙasa tana sakin zafinta da sauri, iskar da ke kwance a kanta ta fi ta sama sanyi da digiri da dama. Ma'aunin da aka ajiye a santimita 30 zai wuce gona da iri ta kowane ɓangare. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, ta tsayar da mita 1.25 zuwa 2 ne don a iya kwatanta lambar wannan tasha da ta waccan. Ka zaɓi tsayi ɗaya a cikin wannan tazara, misali mita 1.5, ka auna shi da awo daga ƙasa zuwa tsakiyar ma'aunin, ka rubuta.

Abin da ke ƙarƙashinsa ma yana da muhimmanci. An fi son ciyawa wadda ba ta wuce santimita 10 ba. Inda ciyawa ba ta fitowa, a bar ƙasar yadda take a yankin, kada a daɓe da siminti, kada a zuba tsakuwa. Haka kuma kada a shiga ban ruwa kullum a gindin turken da aka ɗora ma'aunin a kai don ciyawa ta yi kore, saboda tururin da zai tashi zai ɗaga damshi ya rage zafi.

Wace tazara za a bari tsakaninsa da bango, kwalta da sauransu?

WMO ta kasa wuraren kafa ma'aunin zafi aji biyar. Aji na farko yana buƙatar tazarar fiye da mita 100 daga gini, kwalta, kankare ko ruwa. Na biyu mita 30. Na uku mita 10, kuma a nan kuskuren da wurin zai iya ƙarawa yana kaiwa digiri 1 a ma'aunin Selshiyos. A aji na huɗu yana kaiwa digiri 2, a na biyar digiri 5. Gidaje kaɗan ne ke da filin da zai ba su aji na farko. Wanda ya samu mita 10 daga kowane gini ya yi kyau ƙwarai. Wanda bai samu ba ya nemi tsakiyar filin da yake da shi.

Ba dukkan abubuwa ne sharrinsu ɗaya ba. Waɗanda ya kamata a fi gudu su ne masu fitar da zafi da kansu: bayan na'urar sanyaya ɗaki, janareta, bututun hayaƙi, tagar kicin, wurin ajiye mota. Sai masu tara zafi su sake shi da dare, wato bangon bulo, daɓen kankare da kwalta. Waɗannan su ne ke sa mafi ƙarancin zafin dare ya riƙa fitowa sama da na gaskiya. Sai masu mayar da haske, kamar farin bango, gilashin taga da tankin ƙarfe, waɗanda ke cillo haske daga gefe ko daga ƙasa inda kariyar ma'aunin ba ta da ƙarfi.

A kula da kwari kuma. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare tana gangarowa ta taru a wurin da ya fi zurfi. Ma'aunin da ke gindin gangare zai ba da sanyin kwarin, ba na yankin ba.

Ba sai in sa shi a inuwa kawai ba?

Zafin da ake faɗa a rahoton yanayi na iska ne, wadda rana ba ta haska ma'aunin kai tsaye ba amma iska tana ratsa shi. Inuwar bishiya ko ta baranda tana cika sharaɗi na farko, ta ɓata sauran. A ƙarƙashin bishiya rana ba ta kai zafin fili ba, dare kuma bai kai sanyin fili ba, domin ganye yana hana ƙasa sakin zafinta zuwa sama. A ƙarƙashin rufi kuma iskar da kwano ya dumama tana taruwa ta tsaya.

Abin da ake yi shi ne a kafa ma'aunin a fili cikin rana, a sa shi a cikin kariyarsa. Tsohuwar hanyar ita ce farin akwatin katako mai ɓangarori a karkace da iska ke shiga ta tsakaninsu, wanda injiniya Thomas Stevenson na Sukotlan ya tsara a 1864. Tashoshin gida suna amfani da fararen faifan roba da aka jera kamar kwanuka a kife, da 'yar tazara tsakanin kowane biyu. Irin wannan kariya tana aiki sosai muddin akwai iska. Ranar da rana ta ƙwalle iska ta tsaya cik, iskar cikinta tana dumama, lambar ta iya haura ta gaskiya da digiri 1 zuwa 2, ko fiye idan faifan kaɗan ne. Maganinsa kariya mai ƙaramar fanka da ke jan iska ta kan ma'aunin. Inda rana ke da ƙarfi, wannan fankar ta cancanci kuɗinta fiye da yawancin ƙarin kayan da ake tallatawa.

Kada a rufe ma'aunin a cikin gwangwani ko roba mai 'yan huda. Kada kuma a yi wa kariyar fenti mai duhu.

An ce bangon arewa ba ya samun rana. In ba ni da fili, zan iya maƙala shi a can?

Wannan shawara daga ƙasashen da ke nesa da layin Ikwaita ta fito. A can arewa, rana tana bi ta kudu da tsakar rana duk shekara, don haka bangon arewa yake cikin inuwa. A can kudu kuma akasin haka. Amma tsakanin digiri 23.5 arewa da layin da digiri 23.5 kudu da shi, rana tana ƙetarewa: wasu watanni tana arewa da kai, wasu tana kudu. Bangon da ke inuwa a Disamba zai iya shan rana a Yuni. Ko a ƙasashen da ke nesa ma, rana tana leƙa bangon arewa da sassafe da yamma a lokacin zafi.

In babu makawa sai bango, a sa ma'aunin a kariyarsa, a ɗora shi a kan hannun ƙarfe ko katako da zai nisanta shi daga bangon da aƙalla rabin mita, nesa da taga da ƙofa, kuma ba dab da ƙarƙashin rufi ba.

Ma'aunin ruwan sama fa, yaya nisansa da bishiya ko gini?

Aƙalla ninki biyu na tsayin abin, in da hali ninki huɗu. Tsayin da ake lissafawa shi ne abin da ya ɗara bakin ma'aunin. Ga yadda za ka san tsayin bishiya ba tare da hawa ba: ka tsayar da sanda mai tsawon mita 1 a rana ka auna inuwarta, nan take ka auna inuwar bishiyar. Idan inuwar sandar mita 1.5 ce, ta bishiyar mita 12, ka raba 12 da 1.5, bishiyar mita 8 ce. Idan bakin ma'aunin yana mita 1 daga ƙasa, bishiyar ta ɗara shi da mita 7, tazarar ta zama aƙalla mita 14, mafi kyau 28. Ka tuna bishiya tana girma. Wurin da ya isa bana zai iya kasawa nan da shekara biyar.

Sai dai fili fetal da iska ke kaɗawa ba birki shi ma yana da tasa illa. Iska tana ƙara gudu a kan bakin mazurarin, ta kwashe ƙananan ɗigo su wuce. Asarar da wannan ke jawowa a ruwan sama takan kai kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari, kuma tana ƙaruwa da tsayi, tunda iska ta fi ƙarfi a sama. Wuri mafi kyau shi ne wanda gajeren shinge ko ƙananan itatuwa suka kewaye daga nesa, suna rage iskar ba tare da sun tare ruwan ba.

A wane tsayi, kuma yaya za a ɗaure shi?

Ƙasashe sun bambanta: a Birtaniya santimita 30 ake amfani da shi, a wurare da yawa mita 1. Tsakanin rabin mita da mita 1.5 ya yi. In ya yi ƙasa da yawa a kan daɓe, ruwan da ya bugi ƙasa ya fantsamo zai faɗa ciki.

Daidaito ya fi tsayin muhimmanci. Yawancin tashoshin gida suna da ɗan cokali mai baki biyu a ƙarƙashin mazurari: ɓangare ɗaya ya cika ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya karɓa, na'urar ta ƙirga. Kowane juyi milimita 0.2 ne a wasu, 0.254 a wasu. Idan ma'aunin ya karkata, ɓangare ɗaya zai juya kafin ya cika, ɗayan sai ya wuce ƙa'ida, lissafin ya lalace. Ka duba ƙwayar kumfar da ke jikinsa in akwai, in babu ka aza ma'aunin daidaito na magina a bakin mazurarin ta fuska biyu, gabas da yamma sannan kudu da arewa. Ka sake dubawa bayan an ɗaure noti, domin ɗaurin kansa yana jan shi gefe, sannan bayan ruwa mai yawa na farko, lokacin da ƙasa ke zama.

Turken ya zama ba ya rawa. Siririn bututu mai lilo a iska yana girgiza cokalin ya juya ba tare da ruwa ba, ka ga an rubuta ruwan da bai sauka ba. Bututun ƙarfe mai kaurin santimita 4 zuwa 5, da aka binne rabin mita ko fiye aka zuba masa kankare a ramin kawai, ya isa ga tsayin mita 2. Kada wani abu na jikin turken ya ɗara bakin mazurarin.

Ta yaya zan gwada ko yana ƙirga daidai?

Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita 1. Daga nan lissafin yake fitowa. Ka auna faɗin bakin mazurarin. A ce da'ira ce mai faɗin santimita 16: rabinsa 8, ka ninka 8 da 8 da 3.14, ka samu murabba'in santimita 201. Wato mililita 201 na ruwa ya kamata ya nuna milimita 10. In bakin mai kusurwa huɗu ne, tsawo sau faɗi kawai, sannan a bi hanya ɗaya.

Ka auna ruwan da sirinji ko kofin awo, ka zuba a kwalbar roba da ka huda da allura, ka bar shi yana ɗiga cikin mazurarin na minti 20 zuwa 30. Kada ka tuttula shi gaba ɗaya, domin ruwan da ke zuba a daidai lokacin da cokalin ke juyawa ba ya shiga lissafi. Wannan ne ma ya sa irin waɗannan ma'aunai suke rage lamba a ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ka maimaita sau uku. In bambancin bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, ka bar shi. In ya wuce, ka fara da wankewa da duba daidaito kafin ka taɓa ƙananan sukurorin da ke ƙarƙashin cokalin, kuma in za ka juya su, ka juya duka biyun daidai wa daida. Ka tuna ka katse aika bayanai zuwa intanet kafin gwajin, ko ka goge lambar daga baya.

Ajiye ma'aunin hannu, wato silinda mai zane, 'yan mitoci daga na'urar yana da amfani ƙwarai. Shi ne shaidarka duk ranar da ka yi shakka.

Ba zan iya kafa turken mita 10 ba. Lambar iskar ba ta da amfani ke nan?

Tana da amfani, muddin ka san abin da take nufi. Ƙa'idar ita ce mita 10 a fili, da tazarar ninki goma na tsayin duk abin da ke kusa: gida mai mita 6 yana buƙatar mita 60. Ƙasa tana jan iska baya, don haka a filin ciyawa gudun iska a mita 2 kusan kashi 75 cikin ɗari ne na gudunta a mita 10. A tsakanin gidaje kuwa babu lissafin da zai gyara, domin iskar tana karyewa ta yi juyi, kibiyar da ke nuna inda iska ta fito ta riƙa zagayawa.

Ka kai ma'aunin iskar iya inda za ka iya cikin aminci, ka fifita buɗe masa ɓangaren da iska ta fi zuwa a yankinka, sannan ka shigar da tsayinsa na gaskiya a duk inda kake aika bayanai. A lura kuma cewa tashoshi sun bambanta wajen yawan ɗaukar awo. Hukumomi suna lissafa bugun iska, wato ƙarfin da take yi farat ɗaya, a kan daƙiƙa 3, matsakaicin gudu a kan minti 10. Tashar da ke aiko da lamba bayan kowace daƙiƙa 16 ko fiye tana iya nuna bugun da bai kai na makwabciyarta ba, ko da wurin ɗaya ne.

Kan rufin gida fa?

Ga ma'aunin iska kaɗai, rufi yakan zama mafi kyawun abin da ake da shi. Amma gini yana tura iska sama ta bi ta kansa da gudu, ta bar juyi a bayansa. Ma'aunin ya ɗara ƙololuwar rufin da aƙalla mita 2 zuwa 3, kada a sa shi a gefen rufi ko a bayan tankin ruwa.

Ga zafi da ruwa, rufi wuri ne mara kyau. Kwano ko kankare na rufi yana yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa, iskar da ke tashi daga kansa ta bi ta kan ma'aunin. In tashar mai jiki ɗaya ce kuma rufin ne kaɗai zaɓi, ka ɗaga ta mita 2 ko fiye sama da shi. Kafin ka hau, ka tambayi kanka yadda za ka riƙa komawa can duk bayan 'yan makonni don sharewa. Tashar da ke da wahalar kaiwa ita ce ake bari mazurarinta ya toshe wata da watanni.

Yaya zan saita arewa?

Kibiyar tana nuna inda iska ta fito, kuma da arewa ta gaskiya ake lissafi, ba arewar maganaɗisu da kamfas ke nunawa ba. Bambancin su biyun ƙarami ne a wasu yankuna, a wasu ya wuce digiri 10. Kamfas na waya yakan ba da zaɓin arewa ta gaskiya. Ka kunna shi, ka tsaya 'yan mitoci nesa da turken da rufin kwano, domin ƙarfe yana karkatar da shi. Ka hango wani abu can nesa da ke daidai arewa, ka juya alamar da ke jikin tashar ta fuskance shi.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar kamfas. Ka kafa sanda a miƙe a ƙasa mai daidai. Da hantsi ka yi alama a ƙarshen inuwarta, ka zana da'ira da igiya daga gindin sandar ta bi ta kan alamar. Bayan azahar, lokacin da ƙarshen inuwar ya sake taɓa da'irar, ka yi alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamun biyu gabas da yamma ne, wanda ya gicciye shi kudu da arewa.

A tashoshi masu jiki ɗaya, farantin sola da alamar arewa a haɗe suke, kuma yawanci an tsara su ne don farantin ya kalli kudu. Wanda ke kudu da Ikwaita ya duba littafin na'urar, akwai saitin da ke juya lissafin da digiri 180.

Me ya sa matsin iskata ya yi ƙasa da na rahoton yanayi da nisa?

Domin naka na inda kake ne, nasu an mayar da shi zuwa matakin teku. Matsin iska yana raguwa da kusan hPa 1 (hPa shi ne awon matsin iska) a duk hawan mita 8 kusa da matakin teku. Matsakaicinsa a teku 1013.25 ne, a tudun mita 500 za ka ga kusan 955, kuma na'urar ba ta yi kuskure ba. Allon yana da lambobi biyu, na ainihi da wanda aka gyara. Na biyun za ka saita: ka zaɓi rana mai kwanciyar iska, ka duba lambar filin jirgin sama mafi kusa ta wannan sa'ar, ka daidaita naka da ita. Idan ma'aunin a cikin allon yake, to in ka mayar da allon daga ƙasa zuwa bene sai ka sake saitawa. A yankunan da ke kusa da Ikwaita za ka ga matsin yana hawa da sauka sau biyu kullum, yana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da na dare, yana sauka wajen ƙarfe 4. Haka yanayin yake, ba lalacewa ba ce.

Saƙo yana yankewa tsakanin tashar da allon cikin ɗaki. Me ke kawo haka?

Nisan mita 100 ko 300 da aka rubuta a kwali na fili ne inda babu abin da ya shiga tsakani. Kowane bango yana rage shi, kankare mai rodi ya fi ragewa, kwano da ƙofar ƙarfe kuwa kusan tare shi suke yi gaba ɗaya. Tashar da ke kan rufin kwano daidai saman allon takan fi wahalar ji fiye da wadda ke can tsakar fili ana hango ta ta taga. Ka ajiye allon kusa da tagar da ke kallon tashar, mita 1 ko 2 nesa da talabijin, kwamfuta da na'urar Wi-Fi. Yawancin allunan suna kama Wi-Fi na 2.4 GHz ne kawai. Kafin ka haƙa rami ka zuba kankare, ka ɗaure tashar na wucin gadi a wurin na mako ɗaya ko biyu ka ga ko saƙon yana tsayawa.

Akwai haɗari wajen kafa dogon turke?

Akwai, kuma wannan ba wurin ganganci ba ne. Turken ya yi nesa da wayar lantarki da aƙalla ninki biyu na tsawonsa, ta yadda ko ya kuɓuce ya faɗi ba zai taɓa ta ba. Ƙarfin da iska ke yi a kan turke yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninku biyu, don haka duk wanda ya wuce mita 3 a ɗaure shi da wayoyi uku da aka ja zuwa ɓangarori uku daidai. Dogon ƙarfe a sama yana cikin haɗarin tsawa. A samu ƙwararren mai aikin lantarki ya haɗa shi da ƙasa. Ba a hawa rufi a jiƙe, ko da hadari, ko mutum shi kaɗai.

A bene nake, baranda kawai nake da ita.

Matsin iska zai fito daidai. Zafi da damshi za su nuna maka sauyin yini da na mako, tare da tasirin ginin. Ruwa da iska kuwa ba abin dogaro ba ne a can, kuma gara a kashe aika su zuwa dandali irin su Weather Underground don kada su rikita taswirar wasu.

Ta yaya zan gane daga lambobin cewa wurin bai yi ba?

Ka kwatanta da tashar hukuma mafi kusa na wata guda, ka raba ranakun kashi biyu. A ranar gajimare mai iska, zafinku ya kamata ya yi kusa, bayan ka cire kusan digiri 0.65 daga nasu ga kowace mita 100 da ka fi su tudu. In kun yi daidai a irin wannan rana amma ka haura su da digiri 3 a ranar da rana ta ƙwalle, ma'aunin lafiyarsa ƙalau, kariyar ce ko wurin. In layin zafin yana yin tsini a sa'a ɗaya kullum sannan ya sauko, ka je wurin a daidai wannan sa'ar, za ka tarar da hasken da ke dawowa daga taga ko bango, ko na'urar da ake kunnawa. In dare ne kullum ya fi nasu ɗumi, akwai kankare ko bango kusa.

Iskar da ba ta taɓa zuwa daga wani ɓangare ba tsawon watanni tana nuna akwai abin da ya tare can. Juyi ɗaya na ruwa da asuba, sama tas, raɓa ce. Ruwan da ke zuwa tare da bugun iska ba gajimare, turken ne ke rawa. Ruwan da ke ci gaba da ƙirguwa sa'o'i bayan an ɗauke, mazurari ne ya toshe yana tsiyaya a hankali. Shi ruwan sama kada ka yi tsammanin ya yi daidai da na tashar da ke kilomita 10, domin hadari ɗaya yana iya jiƙa wannan unguwa ya bar waccan.

Damshin da ba ya haura kashi 85 cikin ɗari ko ana tsakiyar ruwa alama ce ta ma'aunin ya tsufa. In ana iya cire shi, a rufe shi a mazubin da iska ba ta shiga tare da ɗan gishiri da aka jiƙa bai narke ba, a bar shi ya kwana a wurin da zafi ba ya sauyawa. Ya kamata ya nuna kusan kashi 75.

Wace kulawa wurin yake buƙata bayan an gama?

Duk wata, a leƙa mazurari a cire ganye, kashin tsuntsu da ƙura, a buɗe a duba cokalin, domin gizo-gizo yana saƙa a kansa ya hana shi juyawa, laka kuma tana ƙara masa nauyi. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a tsakanin faifan kariya, tururuwa tana shiga gidan batir. A goge farantin sola da idon ma'aunin haske da tsumma mai laushi. Inda ƙura ke yawa, duk mako. A juya kofunan ma'aunin iska da yatsa: in sun tsaya nan take ko suna ƙara, boris ɗin da suke juyawa a kansa ya fara ci. Kada a zuba masa mai, ƙura yake tarawa. Sau ɗaya a shekara a wanke kariyar, a canza batir tun bai zubo ba, a sake duba daidaito da arewa, a sare rassan da suka matso.

In na ga wuri mafi kyau daga baya, in matsar da ita?

In bambancin babba ne, ka matsar, kuma gara da wuri. Amma duk matsarwa tana yanke tarihin lambobinka gida biyu, na da da na yanzu ba za su kwatantu kai tsaye ba. Hukumomi sukan bar tsohuwar tasha da sabuwa su yi aiki tare na shekara ko fiye don su san bambancin. A gida, ƙaramin ma'aunin zafi na biyu da aka bari a tsohon wurin na 'yan watanni zai ba ka wannan lissafin.

Ka ajiye littafi ko fayil guda na tashar. Ranar kafawa ka ɗauki hoto daga gindin turken ta fuska huɗu, ka rubuta tsayin kowane ma'auni, nisansa da gini da bishiya mafi kusa, abin da ke ƙasa, da tudun wurin daga matakin teku. Daga nan duk abin da ya sauya ka sa masa kwanan wata: sabon ma'auni, gyaran saiti, bishiyar da aka sare, katangar da makwabci ya ɗaga. Ka sake ɗaukar hotunan huɗu kowace shekara a wata ɗaya, daga inda ka tsaya a karon farko.